Ankon Shunayya da Ya Raba Ni da Aminiyata

A shekarun da wannan abu ya same ni, ni ce irin matar nan da ba a neman shawararta amma sai ta bayar, in ta bayar kuma sai an bi. A Jidda aka haife ni, a unguwar Kurayyat, kakanninmu ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa suka yi zamansu. Mahaifina yana da rumfar yadi a kasuwar Bab Makka, don haka tun ban iya ɗaura zani ba nake shafa yadi ido a rufe in faɗa miki ko zai zuba in an wanke. Na iya ɗinki, na iya haɗa launi, kuma na san na iya, matsalar ke nan. Hausar da kuke karantawa ɗin nan ta Ummana ce, wadda ta rantse ba za a yi mata Larabci a kicin ba, in kun ga tuntuɓe sai ku yi mini uzuri. A lokacin aurena bai daɗe da mutuwa ba, na dawo gidanmu da akwatuna da baƙin rai, matan unguwa kuma duk wadda ta zo gaishe ni sai ta tafi da labari. Don in huta da idanunsu ne na shiga wata makarantar haddar Alƙur'ani ta mata, ba don tsabar son karatu ba, gara in faɗi gaskiya.

Malamarmu, wadda muke kira Abla kamar yadda ake kiran kowace malama a nan, tana jin karatuna ta ce Larabcin kasuwa ne a bakina, ta tura ni ajin masu gyaran harshe. Na shiga ina hura hanci, sai na tarar kusan rabin ajin 'yan ƙasar Sin ne, rabi 'yan Tailan, wasu karatun ne ya kawo su, wasu kuma mazansu suka biyo. 'Yan Sin suna zama ta wajen taga, suna magana da ƙarfi kamar masu faɗa alhali hira suke yi. 'Yan Tailan suna zama ta bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, komai aka ce sai murmushi. Da yake ni kaɗai ce Larabci ya zauna wa a baki, sai na zama mai fassara da hannu da ido, mai raba gardama, mai yi wa kowa ciniki a kasuwa. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, don na samu inda ake jin maganata.

A cikin 'yan Tailan ɗin ne na yi aminiya. Sauran 'yan kudancin ƙasarsu ne, a Musulunci aka haife su, ita kuwa daga tsakiyar ƙasar ta fito. Kakarta ce ta raine ta a addinin Buda, sai da ta girma ta musulunta, ta auri wani ɗan kudu mai gyaran injina a unguwar masana'antu ta nan Jidda. Larabcinta bai taka kara ya karya ba, ni kuma yarensu ko gaisuwa ban iya ba, amma ina ganin mun fahimci juna fiye da matan da muka tashi tare. Takan kawo mini wata miyarsu mai tsami da barkono wadda nake ci ina hawaye ina ƙara loma, ni kuma in kai mata dambun nama. Ranar da ta gane aurena ya mutu ba ta tambaye ni me ya faru ba, ba ta tambayi laifin wa ba, ta dai matso ta jingina kafaɗarta da tawa muka ci gaba da tilawa. A duk garin Jidda ita kaɗai ce ta yi mini haka, kuma ba ni da wata aminiya bayan ita.

Da shekara ta zo ƙarshe aka ce za a yi mana hafla, wato walimar kammala aji, mata zalla, inda kowa za ta cire abaya ta sha ado. Nan take iyayina ya motsa na ce ai sai mun yi anko. Na bayyana musu cewa a wurinmu in ana murna, 'yan uwa da ƙawaye yadi iri ɗaya suke ɗinkawa, duk wanda ya gan su ya san waɗannan nasu ɗaya ne. Suka yi ta murna. Washegari na ciko jaka da ƙyallaye daga rumfar Baba, na baje su a kan darduma bayan an tashi karatu, ina ganin kafin la'asar mun gama. Na fara ɗaga wani farin leshi mai ƙyalli, don mu fari shi ne murna, shi ne tsarki, shi amarya ke sawa a Jidda. 'Yan Tailan suka gyaɗa kai suka ce yana kwantar da zuciya. Amma a ɓangaren taga ba haka abin yake ba. Babbar 'yan Sin, wata mace mai faɗin fuska da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba, ta ture leshin da bayan hannu ta ce a garinsu ranar da aka ga mata sun jeru cikin fari daga sama har ƙasa, to akwai gawa a gidan. In suka aika wa iyayensu hoto a haka, kafin a karanta bayani an fara kuka. Na yi dariya na ce ga mu a ƙasar da maza ke yawo cikin fari kullum ba wanda ya mutu. Ta ce ta sani, amma jikinta ba zai yarda ba. Na ɗauka taurin kai ne kawai.

Sai ita ta zaro wani yadi jajawur ta rungume shi, sauran 'yan Sin suka hau tafi. Su a wurinsu ja ne farin ciki, shi ne sa'a, shi amarya ke sawa, har wata ta ce in ta ga ja sai ta ji ƙamshin girkin mahaifiyarta. Na waiga ɓangaren ƙofa na ga murmushin yana nan amma ya bushe. Da ƙyar wata dattijuwa 'yar kudu, wadda ta fi su jin Larabci, ta ce su ja fushi yake tuna musu da jini. Ban da haka, a ƙasarsu in taron mutane suka sa ja sun nuna ɓangarensu ne a siyasa, in suka sa rawaya sun nuna ɗaya ɓangaren, su kuwa ba sa son hotonsu ya je gida da ko wanne. Ta ce a al'adarsu kowace rana da launinta, me zai hana a duba ranar da haflar ta faɗo a bi nata. 'Yan Sin suka kwashe da dariya suka ce yaushe kalanda ta fara zaɓa wa mutum riga. Shuɗi kuwa, 'yan Tailan suka ce natsuwa ne, 'yan Sin suka ce sanyi ne da kaɗaici. Kafin a jima magana ta bar kan yadi ta koma kan mutane, waɗancan suna cewa waɗannan tsoron murna suke yi, waɗannan suna cewa waɗancan ko a tufafi sai sun yi ihu. Mun kwashe makonni a haka, kullum in kwaso ƙyallaye in mayar.

A ɗaya daga cikin zaman nan ne na lura aminiyata ta ja wani ƙyalle gefe, launin shunayya, wanda a Jidda muke ce wa banafsaji. Ba ta shiga gardamar ba, tana ta shafa shi da yatsa. Na matsa na tambaye ta ko ya yi mata kyau. Ta ɗago ido cike da ƙwalla, ta harhaɗa 'yan kalmominta ta ce kakarta ta daɗe tana sa wannan launi, a cikinsa ta buɗe ido ta gan ta. Daga nan ta ninke ƙyallen ta tura shi can ƙasan sauran. Ni kuwa me na gani? Na ga marainiya tana kewar kakar da ta raine ta. Mu in mace ta ce wannan irin zanin kakata ne har ta yi ƙwalla, ai ta gaya miki abin da take so ke nan, kunya ce ta hana ta roƙa. Ban tambaye ta dalilin da ya sa kakar take sa shi ba, don ban ga abin tambaya ba. A hanyar gida dabara ta haɗu mini tsaf: shunayya ai ja ne da shuɗi aka gauraya, 'yan Sin sun samu rabonsu, 'yan Tailan sun samu nasu, aminiyata kuma ta samu kakarta. Na ji kamar in yi wa kaina guɗa. Na ce halas, shawara ta ƙare. Na sa Baba ya ware mini bandir na wani yadi mai laushi da sheƙi, na gaya wa aji cewa launin sirri ne sai ranar da aka gani, kowa ta zo in auna ta. Suka yarda, don su ma sun gaji. Da rigar aminiyata na fara, na zauna na jera mata ƙananan duwatsu a wuya da hannu, abin da ban yi wa tawa rigar ba.

Ina cikin ɗinkin nan labari ya zo cewa wani ƙarfe ya faɗo wa mijinta a wurin aiki, yana asibiti bai san inda kansa yake ba. Ta daina zuwa makaranta. Na yi ta zuwa ina samun ta zaune a barandar asibiti da carbi, ta rame, murmushin ma ya gagara. Abinci ba ta ci, magana kuma ba mu da isasshiya a tsakaninmu, na rasa abin da zan yi mata. Sai na ce bari in kai mata rigarta, ko ta ga abu mai kyau ta tuna akwai ranar murna a gaba, ta ji kamar kakarta na kusa da ita. Wallahi wannan ce niyyata, kuma da ita zan tsaya gaban Allah. Na goge rigar, na turara ta, na naɗe ta a takarda mai ƙyalli, na same ta a gida da hantsi ta zo yin wanka ta koma asibiti. Dattijuwar nan 'yar kudu tana tare da ita.

Aminiyata ta karɓa da hannu biyu kamar yadda suke yi, har ta ɗan yi murmushi. Tana buɗe takardar sai ta saki wata ƙara da ban taɓa zaton tana cikin ɗan jikin nan ba, ta yi jifa da rigar, ta ja da baya har ta bugi bango, tana nuna ni tana magana da yarensu ba ko numfasawa. Na tsaya riƙe da jakata kamar an dasa ni. Dattijuwar ta ja ni waje ta rufe ƙofa, a kan matakala ta gaya mini cewa a yankin su aminiyata, a al'adar tsofaffi, shunayya launin matar da mijinta ya mutu ne. Kakar ta sa shi ne bayan rasuwar mijinta, ta ƙi cirewa har ta tsufa. Su 'yan kudu abin bai dame su sosai ba, amma ita a cikinsa ta tashi. Abin da aminiyata take ta faɗa kuwa shi ne ta gaya mini da bakinta, na ga hawayenta, amma na je na ɗinko mata kayan takaba mijinta yana numfashi. Na zauna a matakalar. Na ji tausayi, na ji kunya, amma in na ce ban ji haushi ba na yi ƙarya. Yaushe ta gaya mini? Cewa ta yi kakarta tana sa shi, ba ta ce mijin kakar ya mutu ba. Na roƙi dattijuwar ta shiga ta faɗa mata ban sani ba. Ta shiga, ta fito ta ce in tafi tukuna.

Ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, mijin ya rasu. Ranar da muka je ta'aziyya da 'yan ajinmu, na shiga ɗakin a bayan kowa, ina ɗaga kai sai na gan ta zaune a tsakiya cikin rigar. Ta tsince duwatsun wuyan kakaf, zaren ya bar ƙananan huji a jere. Ɗinkina ne, awon da na yi da hannuna, ya zauna mata cif. Ta dube ni, ta ja hannun rigar ta gyara shi. Duk wadda ke ɗakin ta san wa ya ɗinka. Na yi addu'ar da bakina ya iya na fito, a mota na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sake ni.

Daga nan makaranta ta zame mini wuta. 'Yan Tailan suka daina amsa sallamata da baki, sai da ka. Babbar 'yan Sin ta tare ni ta ce da na nuna mata launin da ta hana ni, na ce ita ma sai yanzu ta san ma'anarsa, kada ta yi mini fuskar masani. A ɗaya gefen kuma ga mutanena. Matan unguwarmu da labari ya kai musu suka ce ai ga irinta nan, sabuwar shiga Musulunci ce, da sauran gunki a zuciyarta, yaushe yadi ya fara kashe mutum. A ganinsu goya mini baya suke yi. Abla ma ta ce za ta tara aji ta yi nasiha a kan camfi, a kuma je a maimaita wa mai takaba don a ceto imaninta. Ranar nasihar na bari ta gama tsaf sannan na miƙe. Na ce ban musa ko harafi ɗaya ba, rai da ajali a hannun Allah suke, kuma aminiyata ma ba ta ce riga ce ta kashe shi ba. Amma na tambaye su, har da ita Abla, wace ce a cikinsu mijinta zai kwanta rai a hannun Allah, ƙawarta ta shigo mata da yadin likkafani da kafur a naɗe a takarda mai ƙyalli, ta karɓa ta yi godiya. Na ce abin da na kai mata ke nan a idonta, kuma duk wadda ta nufi gidan nan da wa'azi kafin matar ta share hawaye, da ni za ta fara haɗuwa a bakin ƙofa. Abla ta ce na yi rashin ladabi, in nemi afuwa ko in bar mata aji. Na ɗauki Alƙur'anina na fita. Daga baya na ji an yi haflar ba anko, kowa ta zauna cikin abayarta.

Duk tsawon takabar aminiyata ban fasa zuwa gidanta ba. Kowace Juma'a in yi girki in kai, dattijuwar ta karɓa a ƙofa ta miƙo mini kwanon makon jiya a wanke. Ban sani ba ko tana ci. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a kan ta mijin take, don haka mutuwarsa ta yanke zamanta a ƙasar. Da lokacin tafiya ya matso, dattijuwar ta zo har gidanmu da saƙo. Ta ce aminiyata tana so mu rabu lafiya, abu ɗaya kawai take nema: in ce na gane abin da ta gaya mini a ranar, na raina shi, na ga camfin banza ne na yi gaban kaina. In na faɗi haka za ta yafe, don wanda ya raina al'ada ana iya yafe masa. Abin da ta kasa ɗauka shi ne in ci gaba da cewa ban sani ba, domin in haka ne, to duk zaman da muka yi, duk abin da take zaton ina ji ba sai ta faɗa ba, ashe ban taɓa jin komai ba.

Ummana tana jin haka ta ce in je in faɗa mana, me zai ragu a jikina, mace ce cikin baƙin ciki. Dattijuwar ma ta ce ko ba haka ba ne in faɗa, Allah ya san zuciyata. Na daɗe ina juya abin a raina. Ina son matar nan. Na san in na faɗa za ta rungume ni, mu riƙa gaisawa a waya, wata rana ma in je ƙasarsu. Amma zai zama ta tafi da wata mace ce daban a zuciyarta, wadda ta ga tsoronta ta taka shi da gangan sannan aka yi mata alfarmar yafiya. Ni ba ita ba ce. Na sha ɗaukar laifin da ba nawa ba a gidan aure don a zauna lafiya, na ga inda ya kai ni. Na ce wa Umma ta yi haƙuri, wannan karon ba zan iya ba.

Ranar da aminiyata za ta tafi na je, aka bar ni na shiga. Akwatuna a ɗaure, ɗakin ba komai sai darduma, tana zaune cikin baƙar abaya. Na durƙusa a gabanta na ce wa dattijuwar ta fassara yadda na faɗa, kada ta gyara mini. Na ce na yi laifi. Na ga hawayenta na ba shi ma'anar gidanmu ban tambaye ta ba, na kuma yanke wa aji guda hukunci ni kaɗai don ina ganin na fi kowa ido, a kan wannan ina neman gafararta har ƙasa. Amma ban sani ba. Da na sani da na ƙone bandir ɗin gaba ɗaya kafin ko zarensa ya shiga gidanta. Na ce gaskiya ne ban ji ta ba a ranar, wataƙila ma akwai wasu ranakun da ban ji ta ba, amma ban taɓa raina ta ba, kuma ba zan ce na raina ta don ta ci gaba da sona ba. Ta saurara har ƙarshe idonta a ƙasa, sannan ta yi magana a hankali. Dattijuwar ta juyo ta ce aminiyata ta yarda da ni, kuma wannan ɗin ya fi mata ciwo. Direba ya danna hon a ƙasa, ana ta cewa yalla, a yi sauri. Aminiyata ta tashi ta biyo ta gefena, ta ɗan tsaya kamar za ta dafa ni, sai ta wuce. Ban ƙara jin muryarta ba har yau.

Shekaru sun shuɗe, ina nan ina ɗinkina. Waɗanda suka san labarin har yanzu sun kasu biyu, masu cewa taurin kaina ne ya raba ni da ita, da masu cewa ita ce ba ta da tawakkali. Duka biyun ba na saurarensu. Ina kewarta, wani lokaci ina cikin yanka yadi sai ta faɗo mini a rai, kuma ina nadamar tambayar da ban yi ba, wadda ba ta wuce in buɗe baki in ce don me ba. Amma ƙin yin ƙaryar nan ban taɓa nadamarsa ba, ko yau aka mayar da ni ɗakin abin da zan faɗa ke nan.

Na rubuto ne saboda 'yan uwana mata, musamman mu da ke zaune a garuruwa irin Jidda, inda maƙwabciyar dama da ta hagu ba su haɗa komai ba sai alƙibla. Mun saba ɗauka cewa tun da salla ɗaya muke yi, abin da ke faranta mana rai ma ɗaya ne. Ba haka ba ne. Na zauna aji ɗaya da mata masu kuka a kan aya ɗaya, wannan ta ga ja ta tuna gida, waccan ta ga ja gabanta ya faɗi, kuma babu mahaukaciya a cikinsu. Kafin ki sa wa wata launi a jiki ko ki kai mata shi kyauta, ki tambaye ta, in ta amsa ki ƙara tambaya, musamman in kin ga idonta ya canza. Kada ki yi saurin kiran tsoron wata camfi, naki yana nan, ba a taɓo shi ba ne kawai. In kuwa ɓarna ta riga ta afku, ki ɗauki naki laifin duka ki durƙusa a kansa, amma kada ki karɓi wanda ba naki ba don a ci gaba da son ki. Ni na ƙi karɓa, na rasa wadda ta fi mini kowa a garin nan. Ta tafi da ciwo, na zauna da ciwo, amma ko ba komai wadda take tunawa a can, ko da haushi ne, ni ce, ba wata da na ƙirƙira mata ba.